Editan Malam Dallatu

Gyara zama, jawo tabarmar nan cikin inuwa, ka kife wayarka tukuna ka saurara. Labarin wani malamin lissafi ne, mutumin Ɗinya Biyu, ƙauyen nan da ke gabas da Minjibir, inda gonar wani take ƙarewa a gindin dangar wani. Sunansa Malam Dallatu Iliyasu. Idan ka taɓa shiga motar Kano daga Minjibir ka ga wani dogo siriri ya rungume baƙar jaka a ƙirji, kwandasta yana lallashinsa ya kawo a sa a but, shi kuma yana girgiza kai, to kun haɗu. Kwamfuta ce a jakar, kuma a cikin kwamfutar akwai littafi. To, a ce dai akwai sunan littafi.

Mahaifinsa manomi ne da damina, masaƙi da rani. Dallatu ya tashi tsakanin kunyar gero da zaren saƙa, aka sa shi boko, ya yi kwalejin horon malamai, ya dawo gida aka ba shi aji a ƙaramar sakandaren garin. Nan ya zauna. An taɓa mayar da shi Gezawa, ya yi ta zarya a kan keke har aka gaji aka dawo da shi. Yana noma gero da dawa da 'yar gyaɗa, matarsa Fanta tana matse gyaɗar ta fitar da mai ta yi ƙuli-ƙuli. Ba ya cin goro, ba ya kallon ƙwallo, ba ya siyasa. Mutum ne da za a iya ba da tarihinsa kafin shayi ya huce, in ba don littafin nan ba.

Ga abin da ya dame shi tun farkon aikinsa. Yarinyar da za ta raba tiren ƙuli-ƙuli tsakanin gida biyar ba tare da ko ɓurɓushi ya yi saura ba, ita ce za ta zo aji a rubuta mata tambaya da Turanci, ta tsaya tana kallon allo kamar an ce ta karanta sawun kaza. Dallatu ya ce ba lissafin ne yake kayar da yara ba, harshen ne. Sai ya yi wa kansa alkawari zai rubuta littafin lissafi da Hausa, ya tsaya gaban ajinsa ya koyar daga cikinsa kafin ya bar aiki. Ba ya neman a faɗe shi a rediyo. Ya tsaya dai da littafinsa a hannu, yaro ya karanta tambaya ya gane ta. Iyakar burin ke nan.

Wata shekara aka tura malaman lissafi kwas a birni. Wani malamin jami'a ya nuna musu wata hanyar tsara rubutun lissafi da ake kira LaTeX, wadda Dallatu ya dawo da ita gida da sunan Latek. A Latek ba ka ganin shafinka lokacin da kake rubutu. Umarni kake jerawa: nan kan babi, nan ɗaya a sama, nan huɗu a ƙasa, a ja layi a tsakani. Idan ka gama sai ka ce wa na'ura ta haɗa, ta fito maka da shafi tsaf, lambobi a zaune daram kamar an auna da igiya. Sauran malamai suka yi ta hamma suna jiran abincin rana. Shi kuwa ɗan masaƙi nan take ya gane. Ai saƙa ce, ka ja zare ka jera, zanen sai daga baya yake bayyana. Ya dawo ya sayar da tunkiya da 'ya'yanta, ya sayi tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka.

Sai dai umarnin nan yana bukatar wurin da za a rubuta shi, wata manhaja da masu harkar ke kira edita. Editocin kuwa ba ɗaya ba ne, ba biyu ba ne. A nan littafin ya sami inuwa ya zauna.

Da labari ya bazu cewa Malam yana neman edita, Sha'aban mai shayi ya same shi har gida da kyakkyawar niyya, ya ce yana da suruki a Kano da ya taɓa aiki a gidan jarida, mutumin kirki ne, ba ya shan taba. Dallatu ya yi masa bayani cewa ba mutum ake nema ba. Sha'aban ya ce to ko ma mene ne, Allah ya haɗa shi da nagari.

Mutum ɗaya ne a garin ya san abin da ake magana a kai, shi ne Jaji Bunu. Kakanninsa daga Borno suka zo da fataucin kanwa suka zauna. Shi kuma yana da shago a bakin titi, takin zamani a gefe guda, cajin waya da sola a ɗaya gefen, ga injin buga takardu a lungu. Ya yi difloma a kan kwamfuta kafin kasuwa ta kira shi, har yanzu kuma yana rubuta 'yan ƙananan manhajoji, irin wadda ke kunna famfon lambunsa ta kashe. Tare suka yi firamare da Dallatu. Jaji Babarbare ne, Dallatu kuma Bafillace ta wajen uwa, don haka tsokanar juna a wurinsu gado ce, ba ta bukatar dalili. Sai kuma Allah ya kawo musu dalili.

Dallatu ya kamu da son wata edita mai suna Vim. Jaji kuwa tun yana makaranta Emacs yake amfani da ita. Bakin mutanen Ɗinya Biyu ya gyara sunayen, suka koma Bim da Imakas. Fanta da ta ji, ta ce ita Bim ɗin da ta sani ta goge tukunya ce, in ita ce a sayo mata.

Ita Bim hali biyu gare ta. A hali ɗaya, abin da ka danna shi take rubutawa. A ɗayan kuma kowane harafi umarni ne, wannan ya goge layi, wancan ya tsallaka da kai ƙarshen shafi. Dallatu ya ce kamar garmar shanu ce, akwai lokacin huɗa, akwai lokacin juyawa a ƙarshen kunya, mai hankali ba ya haɗa su. Ba ta da nauyi, kafin ka gama bismillah ta buɗe, kuma ba ta shan batir. Aibinta ɗaya, wanda duk masu harkar suka sani: shiga da sauƙi, fita sai wanda ya san hanya. Ranar da Dallatu ya fara buɗe ta, ya danna duk abin da ke dannuwa ta ƙi sakinsa, har aka kira azahar. Ya cire batirin ya tafi masallaci. Bai so labarin ya fita ba, amma Fanta tana tsakar gida.

Imakas kuwa gari guda ce. A cikinta Jaji yake rubuta manhaja, a cikinta yake karanta saƙo, a cikinta yake duba kalanda, kuma tana iya nuna maka ɗaya bisa huɗu a zaune tun kana cikin rubutu. Sai dai komai za ka yi sai ka danne maɓalli biyu ko uku a lokaci guda, ɗan ƙaramin yatsa yana can gefe yana aikin ƙato.

Kullum bayan la'asar ana zama a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar shagon Jaji.

"Bafillace, an sake ka yau, ko har yanzu kana tsare?" in ji Jaji.

"Lafiyata ƙalau. Ya yatsan? Jiya na ga da ƙyar ka ɗaga kofin shayi."

"Bar yatsana. Ka gaya wa jama'a, wane irin ɗaki ne mutum zai shiga sai ya ɗaye rufin kafin ya fito?"

"Ɗakin da ba a gina don Barebari ba. Taka fa? An ce a kawo fartanya, ka jawo tarakta da tirela da bakanike."

"Taraktar nan har shayi za ta iya dafawa."

"To gaya wa Sha'aban ya tattara teburinsa."

Majalisa ta rabu biyu. Dattijai suka bi Bim, saboda sun ji an ce ba ta da ci. Masu babur ɗin haya suka bi Imakas, saboda sunan ya fi cika baki. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin wata daga cikin biyun ido da ido, amma hakan bai rage wa musun zafi ba. An taɓa raba wasu mutum biyu a wurin ɗaurin aure a kan maganar.

Da a kan Bim Dallatu ya tsaya, da an wuce wurin. Amma mutum ne mai adalci, ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ya ji ta bakin kowa. Ya gwada wata mai taga biyu, umarni a hagu, shafi a dama, ya ce maɓallanta sun yi yawa kamar gaban direban tirela. Ya gwada wata da ke zaune a intanet, wadda ba ta motsi sai da sabis, sabis kuwa a Ɗinya Biyu yana kan tudun bayan maƙabarta. Ya yi ta hawa da kujerarsa kullum da yamma, har mutane suka fara zuwa yi wa Fanta jaje. Ya gwada wadda samarin birni ke yayi, mai launi kamar zanen sallah, ta shanye batir kafin ya gyara zama. Har Imakas ya gwada a ɓoye, ya ji yatsan ya fara magana, ya goge ta bai gaya wa kowa ba. Duk wadda ya buɗe, kalmomi uku yake bugawa a ciki: Babi na Farko. Sai ya jingina ya duba, ya ce a nan ya fi kyau, amma a can ya fi sauri.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa, har aka daina ƙirgawa. Ɗaliban da ya yi niyyar rubuta wa littafin suka gama, wasu suka yi aure, suka fara kai nasu 'ya'yan firamare.

Wata rana Fanta tana murza ƙuli-ƙuli, shi yana gefe yana yi mata bayanin bambancin wasu editoci biyu, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Malam, ni fa na gano abin da ya sa kake son zaɓen nan."

"Me ya sa?"

"Muddin kana zaɓe, ba wanda zai karanta ya ce maka bai yi ba."

Ya ce ba ta fahimci harkar ba. Ta ce haka ne, ya miƙo mata tire. Ranar bai buɗe kwamfutar ba.

Wadda ta kawo ƙarshen zaɓen ita ce Hajiya Hauwa'u, shugabar makarantar. Ta kira shi ofis a farkon zango na biyu, ta ce lokacin ritayarsa ya zo, ƙarshen zango na uku zai ajiye alli.

"Malam Dallatu, tun ina ƙaramar malama nake jin labarin littafin nan. In akwai shi, ga 'yan aji ɗaya nan, na ba ka su. In babu, ka gaya mini in daina yi wa baƙi alfahari da shi."

"Akwai shi, Hajiya. Saura tsari."

"To a tsara."

Ya koma gida ya buɗe Bim, bai shawarci kowa ba. Da ya fara sai ga abu yana zuba, don littafin ya daɗe da nuna a kansa. Kafin watan ya ƙare babin farko ya kammala: tarawa, ɗebewa, da kashi-kashi irin su ɗaya bisa huɗu, duk da misalan ƙwai da gyaɗa da mudun gero. Ya sa na'ura ta haɗa. Ya duba shafukan a fuskar kwamfutarsa mai dishi-dishi, idonsa yana kan lambobi, yana jin daɗin yadda layin tsakani ya miƙe samɓal. Kalmomin kuwa ya san su da ka, don haka abin da ya san ya rubuta shi ya karanta. Ya kai wa Jaji a filashi, ɗan abin nan na ɗaukar rubutu daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Jaji ya ce zai buga saboda zumunci, amma ba zai karanta abin da aka rubuta a Bim ba, yana tsoron ciwon ido. Ya kawar da kai, inji ya yi aikinsa.

Ran Litinin Dallatu ya sa farar rigarsa ta zuwa Juma'a. Ya raba takardun, ya tsaya gaban allo, ya ce wa wata ɗaliba, Aisha Humaira, ta karanta tambaya ta farko. Abin da ya rubuta shi ne: Kaltume ta tara ƙwai goma, ta ƙara huɗu. Ƙwai nawa ke nan?

Aisha Humaira ta miƙe, ta gyara hijabi, ta karanta da ƙarfi yadda aka koya mata:

"Kaltume ta tara wai goma, ta ara huu. Wai nawa ke nan?"



"Sake karantawa," in ji Dallatu.

Ta sake, haka dai. Wani daga baya ya ɗaga hannu. "Malam, ashe goman ma wai ce, ba a tabbatar ba?" Wata ta ce, "Malam, a wurin wa ta ara?" Wani kuma ya riga ya juya shafi, yana tambaya ko aya bisa huu ayar ci ce ko ta karatu.

Dallatu ya karɓi takardar ya kawo ta kusa da hanci. Duk harafin da ke da ƙugiya ya tafi, ƙ da ɗ da ɓ, babba da ƙarami, ba su bar ko gurbinsu ba. Gyaɗa ta koma gyaa. Ɗari ya koma ari. A shafin gaba, ƙarƙashin sunansa, garinsu ya zama inya Biyu. 'Ya'ya ne kaɗai suka tsira, su da ba ƙugiya gare su ba sai ɗan waƙafi a ka. Duk shekarun da ya yi yana gwaji bai taɓa cin karo da matsalar ba, saboda Babi na Farko ba shi da ƙugiya ko ɗaya.

Yaran ba dariyar mugunta suka yi ba, dariya dai suka yi, irin wadda ba ta tsayuwa in ta fara. Ya bi layi-layi ya tattara takardunsa, ya ɗauko tsohon littafin Turanci ya koyar da darasin kamar kullum.

Labari ya riga shi zuwa darbejiya. Sha'aban ya tambaye shi wai nawa za a soya masa. Masu babur suka yi ta danna hon. Jaji ya gyara hula ya ce:

"Na gaya maka. Abin da aka yi don goge tukunya, shi ka ba wa littafi? Ga shi nan ta goge."

Dallatu bai rama ba. Ya shanye shayinsa, ya ce wataƙila mai taga biyun nan ya kamata ya sake gwadawa, ko ta kan tudu. Ya tashi ya tafi gida. Rashin ramawar nan shi ya tsaya wa Jaji a rai, don ya san in mutumin nan ya koma zaɓe, ritaya ce za ta same shi a kan tudu.

Washegari Jaji ya ɗauki rubutun da ke filashin ya buɗe shi a Imakas, da nufin ya fitar da shafi mai kyau ya kai majalisa a matsayin hujja. Ya sa na'ura ta haɗa. Wai goma. Ya sake. Wai goma. Sai ya duba bayanin da na'urar ke zubowa a ƙasa, wanda ba mai karantawa, ya ga ashe tun farko tana ta kuka, layi bayan layi, cewa ba ta da waɗannan haruffa. Ba ruwan edita. Zubin haruffan da Latek ke ɗauka idan ba ka zaɓa mata ba, waɗanda suka zana shi ba su san da ƙ a duniya ba.

Jaji ya zauna da wannan labari tun hantsi har azahar yana juya shi, don babu daɗin faɗa. Daga masallaci ya wuce gidan Dallatu ya yi sallama.

"Bafillace, ba laifin abarka ba ne. Tawa ma haka ta yi."

"Maimaita. Kunnen nan ba ya ji sosai."

"Ba zan maimaita ba. Kawo in nuna maka."

Layi ɗaya aka ƙara a saman rubutun, aka zaɓi zubin haruffa mai ƙugiya. Ƙwai suka dawo, Kaltume ta daina aro.

Amma Dallatu ya ce ba zai sake shiga ajin nan da warwarar takarda ba, sai da littafi mai bango. Ya kama babi na biyu. Yana tsakiyarsa, cikin zafin bazara, kwamfutar ta mutu. Ba ta yi jinya ba. Mai gyara a Kano ya buɗe ta, ya leƙa, ya rufe, ya ce a yi haƙuri. Rubutun ya tsira a filashi, amma wurin ci gaba babu. Wata kwamfutar ba ta sayuwa sai kaka, kaka kuwa bayan ritaya take.

Kwamfuta ɗaya ce ta rage a garin mai Latek a ciki, ta shagon Jaji. Jaji ya ce ga ta nan, daga tashin makaranta har la'asar, ba mai hana shi. Sai dai Bim ba za ta shiga cikinta ba, don ya taɓa rantsewa a gaban jama'a, kuma ba shi da niyyar azumin kaffara a wannan zafi. Dallatu ya ce shi ma jama'a sun ji ya ce yatsansa ba zai taɓa Imakas ba. Maganar gwajin ɓoye bai tayar da ita ba.

Aka tsaya a nan. Zango na uku ya kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane suna sharar gona suna kai taki. Hajiya Hauwa'u ta daina tambayarsa, in sun haɗu sai ta ce ya iyali, wanda ya fi tambayar ciwo. Manyan mutane biyu, masu furfura a gemu, suna zaune a benci ɗaya kullum, kwamfuta tana bayansu a rufe da tsumma.

Wata Laraba Jaji ya ce, "Tashi ka shiga. Na sa maka abarka."

"Rantsuwar fa?"

"Wannan tsakanina da Ubangijina ne."

Dallatu ya shiga ya zauna. Fuskar kwamfutar baƙa wuluk, ba ado, yadda ya saba. Ya danna, ta amsa. Halin rubutu yana nan, halin umarni yana nan, har hanyar fita ita ce dai. Ya lura tana da ɗan nauyin tashi, ya ce zama da Babarbare ne ya sa mata son jiki. 

Aka yi ruwan shuka, Dallatu yana rubutu. Ya bar wa ƙannensa noman farko. Manoma suna shigowa sayen taki su tarar da shi a lungu, su gaishe shi a hankali kamar mai jinya. Babi goma sha biyu ya tsara tun asali, biyar ya samu. Jaji ya buga, kuma a wannan karon ya karanta kowane shafi, yana bin ƙugiyoyi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Aka yi bango da shuɗin kwali, aka ɗinke.

Saura 'yan makonni a rufe makaranta Dallatu ya shiga aji ɗaya da littafinsa. Bai sa rigar Juma'a ba. Ya raba, ya ce wa wani ɗalibi, Tahir, wanda bai taɓa ɗaga hannu a darasin lissafi ba, ya karanta. Tahir ya fara yana jan kalmomi:

"An raba gonar Baba kashi huɗu. An shuka gero a kashi uku, an shuka gyaɗa a sauran. Gyaɗa ta ci… ɗaya bisa huɗu mana." Ya ɗago. "Malam, dama wannan ne abin?"

"Shi ne."

"To me ya sa ba a faɗa ba tuntuni?"

Dallatu ya juya ya shiga goge allo, alhali babu komai a kansa. Ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce a juya shafi.

Ranar da ya ajiye alli aka yi 'yar walima a ƙarƙashin darbejiya. Fanta ta aiko da ƙuli-ƙuli da zoɓo. Dattijan Bim suka zo da manyan riguna, don a ganinsu ranar tasu ce, littafi ya fito, kuma har Jaji ya miƙa wuya. Wani a cikinsu ya tambayi Jaji ko ya samu ya yi azumin kaffarar.

"Wace kaffara?" in ji Jaji. "Ni ban karya rantsuwa ba."

Ya shiga shago ya juyo da fuskar kwamfutar wajen ƙofa. Ya danne maɓalli uku a lokaci guda. Baƙin nan ya yaye, sai ga suna a sama ɓaro-ɓaro, wanda ko masu babur sun iya karantawa. Ashe Imakas tana iya sa rigar Bim, ta kwaikwayi halinta biyu da duk umarninta, har mai ita ya kasa bambancewa. Abin da Jaji ya zauna ya shirya ke nan.

"Tun babi na biyu a gidana kake zaune, Bafillace."

Dallatu ya dubi kwamfutar. Ya kurɓi zoɓo.

"Yatsuna me suka danna?"

"Na Bim."

"To a Bim na rubuta."

"A cikin me?"

"Wannan ba ruwan yatsuna."

Wuri ya kaure. Dattijai suka ce aiki na mai hannu ne. Masu babur suka ce in ka hau babur ɗin wani, ko da hularka ka hau, babur ɗin wani ka hau. Aka kai maganar gaban liman bayan magariba, ya saurari kowa, ya ce bai ci karo da mas'alar ba a littattafan da ya karanta.

Har yau Malam Dallatu yana nan. In ka bi ta bakin titi bayan azahar za ka hango shi a lungun shagon, tsakanin buhunan taki, yana fama da babi na shida a cikin abin da ba a yarda da sunansa ba. Hajiya Hauwa'u ta sa sabon malamin lissafi yana koyarwa da babi biyar ɗin. Majalisa kuwa tana nan a rabe, kowane ɓangare yana jiran baƙon da zai raba gardama.

To, kai ne baƙon. Ka ji ta bakin kowa, ba a ɓoye maka komai ba. Littafin nan, a Bim aka rubuta shi, ko a Imakas?